Ni da Gwaggo a Layin Iddo Zuwa Ijoko

Kunnena na hagu ya mutu tun kafin in bar aiki. In mutum zai yi mini magana sai ya zagayo ta dama. Jikokina har sun mayar da abin wasa, sukan tsaya ta hagu su yi ta gulmata ina kallon bakinsu. Likitan da ya duba ni ya ce ba wani ciwo ba ne, ƙarar inji ce ta shekara 35 ta cinye shi kaɗan-kaɗan. Da na ji haka sai na yi dariya, domin Baba ma da kunne ɗaya ya koma ga Mahaliccinsa, Allah ya jiƙansa. Shi tururi ya ci nasa, ni kuwa gas ya ci nawa.

An haife ni a 1956 a Sabon Garin Zariya, a bayan loko, inda ake kwantar da kawunan jirgin ƙasa ana duba lafiyarsu. Baba fayaman ne, wato mai ciyar da wuta. Yaran yanzu ba su san wannan aiki ba. Direba na zaune a gefensa yana kallon hanya, Baba na tsaye da shebur tsakanin tulin kwal da bakin murhu, yana ɗiba yana watsawa tun daga Zariya har Kano, wani lokaci har Minna. Kuma ba zubawa kawai ake yi ba. Sai ka san kusurwar da wuta ta yi rauni ka jefa mata daidai ita, idonka ɗaya na kan gilashin ruwa, domin in ruwan tukunya ya yi ƙasa har saman murhu ya bushe, to sai dai a tattara ku a buhu. Yakan dawo gida baƙi ƙirin, haƙora da idanu kaɗai ake gani. Inna kuwa ba ta san sayen itace ba. In an kwashe wutar jirgi a loko, matan unguwa kan je da kwanduna su tsinci kwal ɗin da bai gama cinyewa ba, da shi aka dafa tuwon da na girma da shi.

Kawunan da Baba ya fi yi wa aiki su ne waɗanda aka fara kawowa daga Ingila a 1948, ƙirar kamfanin Vulcan Foundry, waɗanda aka raɗa wa kowannensu sunan kogi. Manyan ƙafafu takwas ke jan su, da ƙanana biyu a gaba, biyu a baya. Yakan ba mu labarin wani dogon kai da ake kira Garratt, mai tukunya a tsakiya da inji biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, wanda in fayaman ya ga an rubuta shi a kansa sai ya ƙara cin tuwon dare. Ni ne ɗan fari, saboda haka bai taɓa kama sunana ba. “Kai wannan,” yake ce mini. In ina kai masa abinci loko, yakan sa ni in ɗora tafin hannuna a jikin ƙarfe, ya ce, “Kai wannan, me ya ce maka?” In ce ban ji komai ba. Ya ce to koma ka sake ji.

Shekara guda kafin a haife ni, a 1955, aka kawo kawuna goma masu shan gas na kamfanin English Electric, aka kawo su nan Arewa. Dalilin a fili yake. Kwal daga Inugu yake zuwa, duk taragon da ya ɗauko kwal kuwa tarago ne da bai ɗauki gyaɗa ko auduga ba, ga dalar gyaɗa a Kano tana jiran jirgi. Sannan ruwa. Kan jirgi mai tururi ya fi raƙumi sha, ba ya kuma da haƙurin raƙumi. A layin Nguru da na Ƙaura Namoda, in rani ya tsananta, ruwan da zai sha kansa sai an yi dabara. Bayan waɗannan goman aka kawo na General Motors daga Amurka a 1958, wasu masu injin Sulzer suka biyo baya a 1966. Su Baba suna kallonsu kamar yadda uwargida ke kallon kayan ɗakin amarya.

A wannan shekara ta 1966 ne direban da Baba ya yi shekara goma sha ɗaya yana yi wa wuta ya bar Zariya. Mutumin Gabas ne. Baba ne ya ɗaukar masa akwati a kai har tasha, bai kuma sake ganinsa ba. Gwanaye da yawa sun tafi a lokacin, yaƙin basasa ya zo ya datse hanyar kwal ɗin Inugu, aka koma tono a Okaba. Cikin wannan ƙarancin hannu aka ɗaga Baba ya zama direban tururi. Ya daɗe yana jiran ranar, amma da ta zo bai yarda an yi masa barka ba.

Bayan yaƙi aka ce duk direban da ke son ci gaba sai ya koma gas, ya yi kwas, ya zauna jarrabawa a rubuce da Turanci. Baba ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta ajami kamar zane, amma boko bai wuce ya sa hannu a takardar albashi ba. Sau biyu yana zama, sau biyu yana faɗuwa. Mutumin da in kan jirgi ya wuce da dare yakan gaya maka daga kan tabarmarsa cewa ƙafa ta uku tana neman giris. Aka mayar da shi yadi, shi da tsohon kansa, suna jera taragai, su turo wannan su janyo wancan, ba sa wuce sigina ta ƙarshe. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 tururi ya ƙare, Baba ya yi ritaya. Kan nasa ya tsaya a bayan loko har ƙudan zuma suka yi gida a cikin bututun hayaƙinsa.

Wata rana mun bi ta wurin, ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Kai wannan, kan jirgi ba ya mutuwa rana ɗaya. Sauke shi ake yi. Daga fasinja zuwa gudus mai jan kaya, daga gudus zuwa yadi, daga yadi zuwa ciyawa.” Bai san cewa a zamanina za a ƙara wa tsanin nan mataki ɗaya ba, kuma a kan wannan mataki zan ƙarasa aikina.

Na shiga reluwe a 1976, da tsumma da gwangwanin kananzir, ina goge inji. A nan na haɗu da Gwaggo. Na san a bakin Hausa kan jirgi namiji ne, amma a loko mata muke mayar da su, kada a tambaye ni dalili. Tana cikin guda 54 da aka kawo daga Montiriyal ta Kanada a 1972, waɗanda lambobinsu suka fara daga 1701, masu ƙarfin doki 1,500. Na sa mata wannan suna ne saboda ƙanwar Baba, wadda ba a taɓa aikenta ta tashi ba tare da ta yi mita ba, amma in ta tashi sai ta fi kowa aiki. Haka wannan take. In ka buɗe mata wuta sai ta yi gunaguni, ta turnuƙe sama da baƙin hayaƙi, sannan ta miƙe. Ba ciwo ba ne, halin injin ne: mai yana riga iska shiga, sai fankar da ke tura iska ta kama gudu kafin hayaƙin ya washe.

Mutane da yawa suna zaton injin gas ɗin ne ke juya ƙafafun jirgi kamar na mota. Ba haka ba ne. Injin janareto yake juyawa, janareto ya ba da lantarki, lantarkin ya gangara zuwa wasu motoci da ke maƙale a jikin gatarin ƙafafu, su ne masu ja. Wato tashar wuta ce ke tafiya a kan dogo. Da na bayyana wa Baba haka, sai ya ce ashe dai har yanzu wani ne ke wahala wani ke tafiya.

Daga mai gogewa na zama mataimakin direba, a daidai lokacin da aka ɗauko Indiyawan kamfanin RITES suka riƙe harkar daga 1979 zuwa 1982. Ni dai shaida ne, a shekarun nan jirgi ya san agogo. Kuma Indiyawan nan sun san cikin Gwaggo kamar yunwar cikinsu, domin irin injinta suke ƙerawa a ƙasarsu, a Baranasi. Wani dattijo a cikinsu shi ya koya mini sauraren silinda ɗaya-ɗaya da dogon sukundireba, ka ɗora bakinsa a jikin inji, ka sa ƙotar a kunne. Ina jin daga nan kunnen hagun ya fara tafiya. Na zama cikakken direba a 1985. Ranar farko da aka ba ni Gwaggo ni da kaina, na roƙi wani mai walda ya liƙa mini 'yar ƙugiya a bayan kujera don rataye buta. Mun yi Kano, mun yi Gusau, mun yi Nguru ta Ringim da Malam Madori, inda mata ke miƙo mana fura ta taga.

Abin da ya biyo baya ba na son daɗewa a kansa. Gyaɗa ta riga ta tafi tun bayan farin 1973, manyan motoci suka kwashe kaya, kayan gyara suka yi wuya. Muka koyi yanka ɗaya don a ciyar da ɗaya: a cire famfon wannan a sa wa wancan, a kwance motar ƙafar wancan a ɗaura wa na gaba. Layin matattu a bayan loko ya yi ta tsawo. Akwai shekarun da albashi kan yi wata da watanni bai leƙo ba, uwargida ce ta riƙe gidan da sayar da ƙosai, Allah ya saka mata. An ɗauke Gwaggo zuwa Kudu ban ma san ranar ba. A zamanin Abacha aka kawo sababbin kawuna 50 daga Dalian ta ƙasar Sin, aka ɗan farfaɗo. Baba ya rasu a 1997, shekara ta zagayo aka yi mini canji zuwa Legas, Ikko in ji shi.

Na sauka a Agege, cikin 'yan'uwa. Hausawa sun daɗe a nan tun zamanin fataucin goro, da zangonsu da sarkinsu da masallatansu, har mutum kan manta a ƙasar Yarabawa yake sai ya fita bakin titi. Aikin da aka ba ni shi ne jirgin ma'aikata, mai kwaso mutane da asuba daga Ijoko ta jihar Ogun, ya bi ta Agbado, Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba, Ebute Metta, ya sauke su a Iddo, da yamma ya mayar da su. Masu gadi ne, da masinjoji, da 'yan kasuwa mata, da leburori, da 'yan makaranta, mutanen da kuɗin haya ya kora bayan gari amma abincinsu yana cikin gari. Kuɗin jirgi bai kai na danfo ko molue ba, ga shi ba ruwansa da cunkoson titi.

Na ɗauki abin a matsayin saukewa, ba zan ɓoye ba. Direban da ya saba ya bar Zariya ya ga daji yana gudu, yanzu an ce ya yi ta kai da kawowa tsakanin bayan gidajen mutane. Sati na biyu aka rubuta mini wani kai, na je yadi da duhun asuba da tocila. Fentin ya koɗe, fitila ɗaya ba tata ba ce, ƙofar da waya aka ɗaure ta. Ban ko duba lamba ba na hau. Na juya zan ajiye buta, sai hannuna ya tafi da kansa ya rataye ta. Ƙugiyata ce. Na zauna a kujerar nan na yi shiru, har mataimakina, wani yaro Bayarabe mai ladabi, ya ce, “Baba, lafiya?” Na ce lafiya lau, gwaggota na gani.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, wannan aiki da ake ba tsofaffin kawuna don an ga sun gaji, ya fi doguwar tafiya cin rai. Kan da ya tashi daga Legas zuwa Kano, tafiyar fiye da kilomita 1,100, in ya kama gudu ya kama, injin na numfashi daidai, iska na sanyaya shi. Jirgin ma'aikata kuwa kafin ya miƙe an ce tsaya. Tashi daga tsaye shi ne lokacin da motocin ƙafa ke jan wuta mafi yawa, su yi zafi, kafin su huce an sake tashi. Takalman birki suna cinyewa kamar sabulu. Nauyin da aka rubuta a takarda daban, wanda ke bayanka daban, domin taragon da aka yi don mutum tamanin ko casa'in ba wanda ya san adadin da ke cikinsa. Kamar ka ɗauki tsohon da ya gaji da noma ka ce ya huta, ka ba shi dakon ruwa a bene. Sababbin kawuna ana adana su don doguwar hanya da kaya masu kawo kuɗi. Talakan da ke sammako kullum, rabonsa abin da ya rage.

Sai Oshodi. Kafin gwamnatin Fashola ta share wurin a Janairun 2009, kasuwa a kan dogo take ci. Ba kusa da dogo ba, a kansa. Tumatir, gwanjo, kifi, takalma, duk a shimfiɗe tsakanin ƙarafa biyu. Tun daga nesa nake kwantar da hannu a kan oda, in rage gudu har mai tafiya a ƙasa ya iya wuce ni. Sai ka ga kasuwar tana tsagewa a gabanka, mata na janye faranti da ƙafa ba tare da sun daina ciniki ba, wasu ma sun auna tsayin kayansu, sun san jirgi zai bi ta kai bai taɓa ba. Tarago na ƙarshe na wucewa kasuwa ta koma ta haɗe. Shekara goma ina ratsa wurin, ban taɓa ratsa shi ba tare da salati a bakina ba.

Amma waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne 'yan sama. Samari ne da ke hawa rufin taragai, wasu su maƙale a ƙofa, wasu su tsaya tsakanin tarago da tarago, wasu har a kan hancin Gwaggo. Na tsane su. Akwai bututun birki da ke bi tun daga kai har tarago na ƙarshe, an yi shi ne yadda in ya rabu birki zai kama da kansa. Sai wani ya taka mahaɗar, jirgi ya turje a tsakiyar hanya, mataimakina ya sauka yana bin taragai ɗaya-ɗaya yana neman inda iska ke shiga, su kuwa suna sama suna yi mana ihu. An sha kama su, an sha kai su kotu. Washegari rufin ya cika.

Wani dare cikin damina, muna komawa Ijoko, ruwa ya sauko irin na Legas wanda ba ya sallama. Tsakanin Agege da Iju akwai ɗan hawa da mai tafiya a ƙasa ba zai lura da shi ba, amma kan jirgi ya san da shi. Dogo ya jiƙe, ga baƙin mai da ya ɗiga a kai. Ƙafafun Gwaggo suka fara juyawa a wuri ɗaya. Kowane kan jirgi yana da akwatin yashi da ke zubo shi a gaban ƙafa don ta sami abin kamawa. Na taka, ba abin da ya fito, yashin ya jiƙe ya toshe bututu. Na rage wuta, na sake buɗewa a hankali, ta yi gunaguninta, ta zame. Sau uku. Allurar zafi tana hawa, na san in na matsa mata zan ƙone motar ƙafa, kuma ba wata a sito.

Ina cikin tunanin yadda zan aika a sanar da tasha, sai na ga inuwoyi suna dirowa daga sama. Na ce shi ke nan, yau za su fasa mini gilashi. Sai na ga sun bazu a gefen hanya cikin ruwan nan, suna kwasar yashi da tsakuwa, wani a riga, wani a leda, wani a tafin hannu, suna zubawa a kan dogo a gaban ƙafafunta, cikin hasken fitila. Ba wanda ya sa su. Wani ƙato da ba riga a jikinsa ya daki ƙofata ya yi mini alama da hannu in taho. Na ɗora tafina a jikin ƙarfe kamar yadda Baba ya koya mini, na ce, Gwaggo, ki rufa mana asiri. Na ba ta wuta ɗaya. Na ji ta ciji yashin. Suka yi ta gudu a gabanta suna zubawa har muka hau, sannan suka bi ta suna ɗarewa ɗaya bayan ɗaya, suka koma samansu suna waƙa da Yarabanci. Daga ranar ban ƙara zaginsu ba, ko da yake ban daina yi musu faɗa ba.

A cikinsu akwai wani yaro namu, ɗan shushaina, daga wani ƙauye kusa da Ringim. Bai fi shekara goma sha bakwai ba. Masallaci ɗaya muke sallar asuba in ba ni da aikin farko. Da ya ji na san tasharsu, har na gaya masa irin furar da ake sayarwa a wurin, sai ya maƙale mini. Kullum sai ya goge mini takalmi, in na miƙa kuɗi ya ɓoye hannu a baya. Yakan bi jirgi zuwa Iddo, ya tsallaka cikin gari inda masu takalman kirki suke. Ranar da na fara hango shi a sama na kira shi na ce, “Yaro, in kuɗin tikiti ne, ni zan riƙa biya maka.” Ya sunkuyar da kai ya ce, “Ba kuɗi ba ne, Baba. Ciki ba wurin sa ƙafa, kuma akwatina suke takawa.” Na ce ya rantse ba zai ƙara ba. Bai rantse ba, dariya ya yi.

Wata safiyar Talata muka iso Iddo lafiya, a kan lokaci ma. Na kashe wuta, ina rubuta rahoto, sai ga samari uku a bakin ƙofa, ba mai magana. Ɗayansu na riƙe da akwatin. Suka ce ya miƙe tsaye ne zai gyara zama, bai ga abin da ke gabansa ba, wani abu da ya gitta sama da hanya ya ɗauke shi. Tun kafin Oshodi. Sun yi ihu, sun daddaki rufi, amma wa zai ji a cikin ƙarar Gwaggo, balle mai kunne ɗaya.

Abin da ya hana ni barci ba mutuwar ba ce kaɗai, kowa da ranarsa. Ni ne mutumin da ke jin kusa ɗaya ta kwance a tarago na huɗu ta cikin kujerar da nake zaune. Ina jin silindar da ta yi kasala, ina jin dogon da ya ɗan buɗe. Amma rai ya fita a bayana, hannuna na kan wuta, ban ji komai ba. Ko ɗan girgiza. Na tuƙa jirgin nan kusan rabin awa ina jin daɗin yadda take tafiya a ranar.

Jama'ar unguwa suka je suka ɗauko shi, muka yi masa sutura bayan la'asar. A cikin akwatin akwai burushi biyu, da gwangwanayen man takalmi, da kuɗi a ƙulle cikin leda, da sabon ɗankwali da bai kai ga aikawa ba. Na ba wani ɗan garinsu mai zuwa gida ya kai wa mahaifiyarsa, na ƙara abin da Allah ya hore. Akwatin kuwa ta aiko a ce in riƙe. Yana nan ƙarƙashin gadona. Washegari da asuba na koma aiki, domin mutum dubu na tsaye a Ijoko suna jira, kuma rufin a cike yake kamar jiya.

A 2010 aka kawo sababbin kawuna 25 na General Electric. Da suka fara aiki sai kowa ya sauka mataki ɗaya: na Sin da suka rage suka karɓi wasu ayyukanmu, Gwaggo ta koma yadi tana jera taragai. Shekara 38 ke nan da barinta Montiriyal, ko da yake in gaskiya za a bi, ban san ko kashi nawa na jikinta ne na asali ba, ta ci 'yan'uwanta da yawa kafin ta kai nan. Na cika shekara 35 a reluwe a 2011 na ajiye aiki. Ranar ƙarshe na je na same ta a ƙarshen yadi, batir ɗinta an riga an ba wata. Na so in cire ƙugiyar in tafi da ita, na ga walda ta kama sosai, na bar ta.

Ban koma Zariya ba, 'ya'ya duk a nan suka yi aure. Ina zaune a Agege aka shimfiɗa sabon dogo mai faɗi zuwa Ibadan, aka gina gadoji a kan mararrabar da muke ta danna oda a kansu. A watan Oktoban 2024 jirgin Jan Layi na gwamnatin Legas ya fara ɗaukar fasinja daga Agbado zuwa Oyingbo, kilomita 27, kusan hanyar da na sani kamar tafin hannuna. Jikata, wadda nake kira amarya, ita ta matsa sai mun hau. Ta saya mini kati, ta riƙe mini hannu a matakala kamar ban taɓa ganin tasha ba.

Da jirgin ya shigo na ga kai mai dogon hanci a gaba, wani irinsa a baya, fenti sabo yana ƙyalli. Amarya ta ce, “Tsoho, ka ga na zamani, ba irin gwangwanayenku ba.” Ni kuwa tun kafin ya tsaya na juya masa kunnen dama. Na ce mata wannan ba yaro ba ne. Ta ce kishi nake yi. Ta zaro waya ta bincika don ta ƙaryata ni, sai na ga ta yi shiru. Ashe jiragen Ingila ne da ake kira InterCity 125, waɗanda suka fara aiki a can a 1976, shekarar da na ɗauki tsumma da kananzir. A ƙasarsu suna gudun kilomita 200 a awa tsakanin manyan birane, an taɓa sauya musu inji sun ƙara shekaru, da aka gama da su aka ɗoro su a jirgin ruwa. Yanzu ga su suna tsayawa a Mushin.

Na matsa kusa da kan, ma'aikacin tasha na harara ta, na ɗora tafina a jikinsa. Yana rawa a hankali, irin ta wanda ya saba da gudu aka ce ya yi tafiyar ƙasaita. Ban san lokacin da na ɗaga kai na bi rufin taragan da kallo ba, tun daga na farko har na ƙarshe. Ba kowa.

“Tsoho, me kake nema a sama?”

Na ce, “Ba komai, amarya. Mu shiga kada ya tashi ya bar mu.”

Muka sami kujera, ta zauna ta hagu ta fara zuba surutu. Na bar ta har muka wuce Ikeja, sannan na ce ta zagayo ta dama ta sake faɗa daga farko.